Lissafin magani ya taɓa kayar da ni a jarrabawar lasisi

A cikin birnin Zariya aka haife ni, a wata unguwa da ke daf da Ƙofar Doka. Baba, Allah Ya jiƙansa, aikin hannu yake yi wa manyan riguna, a zaure yake wuni da allura da zare yana fitar da aska biyu da aska takwas. Inna kuma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a cikin gida. Ni ce mace ta farko a gidanmu da karatun bokonta ya wuce sakandare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙannena masu karatun harhaɗa magunguna, musamman waɗanda suka zauna jarrabawar samun lasisi ba su haye ba, suna can cikin ɗaki sun ƙi fita saboda kunya. Na zauna irin wannan zaman, na san ɗacinsa.

Tun ina firamare nake tsoron lissafi. Akwai wani malami da ke shigo mana da bulala a hannu, ya nuna ka ya ce bakwai sau takwas, kafin ka buɗe baki ka ji ta a gadon baya. Ni kuma Allah Ya ba ni kaifin hadda, a Islamiyya ba a cika wuce ni ba. Sai na ɗauki wannan baiwar na ɗora wa lissafi. Duk abin da aka rubuta a allo sai in haddace shi yadda yake, da lambobinsa da jerinsa. Idan tambaya ta zo da irin kayan da na san ta da su, na ci. Idan aka sauya mata riga kaɗan, sai kaina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. A haka na gama sakandare da sakamako mai kyau, har da lissafin, kuma babu wanda ya taɓa gane abin da nake ɓoyewa.

Ƙanena mai bi mini yana da sikila. Ni ce mai raka Inna asibiti duk lokacin da ciwon ya motsa, kuma ni ake turawa layin karɓar magani. A wannan tagar na fara sha'awar aikin. Wata mata ce a wurin, mai farar riga, ba ta taɓa miƙo magani ta yi shiru ba, sai ta tambayi nauyin yaron, ta yi 'yan rubuce-rubuce a bayan takarda, sannan ta yi mana bayani da Hausa. Na ce a raina wannan aikin zan yi. Da Allah Ya nufa na samu gurbi a tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Baba ya yanka kaza. Ya ce mini Zariya ta daɗe da wannan ilimin, tun 1930 ake da makarantar koyar da haɗa magani a garin, tun kafin a kafa jami'ar a 1962, don haka kada in ba garinmu kunya.

Shekarun jami'a ba zan daɗe a kansu ba. Na ji daɗin ilimin yadda magani ke aiki a jiki, na ji daɗin darasin tsirrai masu magani, na ji daɗin dokokin sana'a. Malamanmu sun koyar da lissafin magunguna yadda ya kamata, amma ni tsohuwar dabarata na ci gaba da ita: in tara tambayoyin shekarun baya, in haddace hanyar warware kowace, in shiga in zuba. Aka rantsar da mu, na fita aikin sanin makamar aiki na wata goma sha biyu a wani babban asibiti.

A cikin wannan shekarar komai ya haɗe mini. Aka ɗaura mini aure, na tare a Tudun Wada. Ba a daɗe ba Baba ya kwanta. Hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ya taɓa masa ƙoda, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, mutumin da ke zare allura ba tare da tabarau ba ya koma ba ya iya riƙe kofi. Da rana ina wurin aiki, da dare ina gefen gadonsa. 'Yan'uwa kuwa duk ni suke kallo, tunda a wurinsu ni ce likitar gida. Duk takardar gwajin da aka kawo sai a miƙo mini a ce, "Duba mana, me suka ce?" Ina ganin lambobin suna hawa, na san ma'anarsu, amma bakina ba ya iya faɗa. Wata Alhamis da asuba ya cika. Ina ɗauke da ƙaramin ciki a lokacin, ga laulayi, ko ruwa na sha sai ya dawo.

Ga wanda bai san tsarin ba: a Najeriya gama digiri da rantsuwa ba su isa su mai da mutum cikakken masanin harhaɗa magunguna ba. Bayan shekarar sanin makamar aiki sai ya zauna wata jarrabawa da PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna, ke shiryawa, wadda ake kira PEP, kafin a yi masa cikakkiyar rajista. Tana taɓo dokokin sana'a, da kula da marasa lafiya, da lafiyar al'umma, da sarrafa magunguna, kuma tambayoyin lissafi na nan a cikinta. Lokacin zamanta ya zo mini ba a daɗe da sadakar arba'in ɗin Baba ba. Maigidana ya ce in haƙura in jira zama na gaba. Inna ta ce in yi abin da zuciyata ta kwanta da shi. Ni kuwa gani nake idan na ci, zan kai wa Inna wani abin farin ciki a cikin takabarta. Sai na shiga.

Tambayoyin doka da na kula da marasa lafiya ban sha wahalarsu ba. Da na iso tambayar lissafi ta farko sai na tsaya. Na san na taɓa ganin irinta, amma an juya ta, abin da na saba a ba ni shi ake nema, abin da na saba nema shi aka bayar. Na ɓata lokaci a kanta, na tsallake, na sake cin karo da wata. Can sai ga tambaya a kan dattijo mai ciwon ƙoda, an ba da shekarunsa da nauyinsa da sakamakon gwajin jininsa, ana so a rage masa magani. Ban ga lambobi ba, ƙafafun Baba na gani. Hawaye suka cika mini ido, na zauna ina kallon tambayar har ban san iya lokacin da ya wuce ba. Da aka ce saura minti kaɗan, ragowar tambayoyin canka kawai na yi, har da waɗanda na san amsarsu da na samu sukunin karantawa. Tun kafin sakamako ya fito na san abin da ke ciki.

Sanin abu daban, ganinsa a rubuce daban. Ranar da sakamakon ya fito, zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ya cika da barka da arziki. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin katifa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwa gida. Unguwarmu kowa ya san 'yar mai ɗinki ta zama mai ba da magani, mata har takardun asibiti suke kawo wa Inna su ce a ajiye mini. Da na faɗa mata, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ai ba mutuwa ba ce. Mutuwa kin gan ta. Tashi ki ci abinci." Ban ji daɗin maganar ba a ranar, na so ta rungume ni mu yi kuka tare. Daga baya na gane ita ma ƙarfin hali take yi, matar da ke cikin takaba ba ta da sauran hawayen da za ta ba jarrabawa.

Na daɗe ban buɗe littafi ba. Akwai aikin da aka yi mini alkawari a wani babban shagon magani da ke Sabon Gari, ya wuce ni, saboda mai cikakkiyar rajista suke nema. Na fara tunanin ko dama can ban cancanci wannan sana'ar ba, ko duk shekarun nan yaudarar mutane na yi. Wannan tunanin ya fi faɗuwar kanta ciwo. Kuma akwai wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu: idan a ɗakin jarrabawa na kasa, ina ga ranar da za a miƙo mini katin jariri cikin dare, babu kowa sai ni?

Surukata ce ta fitar da ni. Allah Ya saka mata da alheri, ba ta taɓa yi mini gori ba. Bayan na haihu na gama wanka, ta ce in shirya mu je gaishe da wata aminiyarta a Gyallesu. Ashe Hajiyar tsohuwar ma'aikaciyar famasi ce, ta yi shekaru masu yawa a asibitocin gwamnati kafin ta yi ritaya. Bayan gaisuwa surukata ta ɗauki jaririyar ta fita tsakar gida, ta bar mu. Hajiya ta dube ni ta ce, "'Yata, an ce lissafi ya ba ki kashi." Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Mama." Ta ce in kawo littafin da nake karatu da shi in ta gani. Da na sake zuwa na kai mata, littafi ne da na cika da fomula, kowace na ja mata layi da jan biro. Ta jujjuya shi, ta saka a cikin durowarta ta kulle. Ta ce sai na ci jarrabawa zan karɓa.

Tambayar da ta fara yi mini har ta so ta ba ni haushi don sauƙinta. Ta ce yaro mai kilo 12 yana zazzaɓi, farasitamol na ruwa nawa zan ba shi? Na fara laluben fomula a kaina. Ta ce, "Bar wannan. Kilo ɗaya nawa yake ci?" Na ce miligiram 15. "To kilo 12 fa?" Na ce 180. "Kwalbar me aka rubuta a jikinta?" Na ce miligiram 120 a cikin mil 5. Ta ce kafin in taɓa biro in faɗa mata, amsar za ta fi mil 5 ko ba za ta kai ba? Na ce za ta fi, tunda 180 ya fi 120. "Za ta kai mil 10?" Na ce a'a, mil 10 ai 240 ke nan. Ta ce, "To kin ga kin riga kin killace amsar tsakanin 5 da 10. Yanzu yi lissafinki." Ya ba ni mil 7.5. Ta ce daga yau kada in ƙara warware wata tambaya ban fara kintata inda amsar za ta faɗa ba, domin wanda ya yi kintace ba zai rubuta mil 75 ya miƙa wa uwa ba.

Wannan shi ne abin da ya fi komai yi mini amfani, kuma har gobe a kansa nake. Masu shirya irin waɗannan tambayoyin sun san inda ɗalibi ke zamewa. Sau da yawa zaɓin amsoshin lambobi iri ɗaya ne, wurin zaman ɗigon lissafi kawai ya bambanta: 0.75, 7.5, 75. Wanda ya haddace hanya ba tare da ya san abin da yake nema ba, duk wadda kalkuleta ta nuna masa ita zai ɗauka.

Abu na biyu da ta matsa mini a kai shi ne rubuta ma'auni a gefen kowace lamba. Ba ta yarda in rubuta 250 tsirara ba, sai na ce 250 na mene ne. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne, kowa ya san wannan, amma a cikin gaggawa nan ake faɗuwa. Ta kawo misalin digozin, maganin zuciya: ƙwayar maikirogiram 250 ita ce miligiram 0.25, ta maikirogiram 62.5 kuma ita ce miligiram 0.0625. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa a wannan maganin ƙanƙanuwa ce. Ta hana ni rubuta ɗigo ba sifili a gabansa, ta hana ni ƙara sifili a bayan cikakkiyar lamba, saboda .5 kan koma 5 a idon mai karatu, 5.0 kuma kan koma 50.

Daga nan muka shiga kashi cikin ɗari, inda na fi rauni. Shekara da shekaru ina ganin 0.9% a jikin ledar ruwan gishiri, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me take nufi ba. Hajiya ta ce in riƙe abu ɗaya tak: kashi 1 cikin ɗari na nufin giram 1 a cikin mil 100, wato miligiram 10 a kowane mil. Shi ke nan. Daga wannan sai ƙofofi suka dinga buɗewa. Lidokain, allurar kashe zafi, mai kashi 2, miligiram 20 ne a mil. Ruwan gishiri mai kashi 0.9, giram 9 ne a lita, idan aka raba da nauyin ƙwayar gishirin, 58.5, sai a samu milimol 154 (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ke nan) da ake rubutawa a jikin ledar. Adrenalin da aka rubuta wa 1:1,000, giram 1 ne a mil 1,000, wato miligiram 1 a mil, shi kuwa mai 1:10,000 ya fi shi rauni sau goma. Wallahi ranar da na fitar da 154 ɗin nan da hannuna, ba haddacewa na yi ba, sai da na yi sujada.

Ba ta taɓa ba ni tambaya babu mutum a cikinta ba. Za ta ce, "An kawo yarinya daga ƙauye, cikin fari, tana jijjiga. Unguwarzoma na tsaye a tagarki." Magnesiyam salfet da ke hannu mai kashi 50 ne, ana son giram 4 ta jijiya, amma a ƙarfin kashi 20. Kashi 50 miligiram 500 ne a mil, don haka giram 4 mil 8 ne. Giram 4 a ƙarfin kashi 20 kuwa mil 20 yake buƙata, sai a ƙara mil 12 na ruwan allura. Wanda ake yi a ɗuwawu, giram 5 kowane ɓangare, mil 10 ke nan ba tare da an tsarma ba. Ko ta ce, "Yaro mai kilo 14, zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, ba ya iya shan komai." Allurar atesunet miligiram 2.4 ce a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi. Wannan tarko ne da masu tambaya ke so, kuma a gadon asibiti ma tarko ne. Yaron nan miligiram 42 zai samu. Kwalbar miligiram 60 ana narka ta da mil 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a ƙara mil 5 na ruwan gishiri idan ta jijiya ce, ta zama miligiram 10 a mil, sai a ja mil 4.2. Idan ta tsoka ce mil 2 ake ƙarawa, ƙarfin ya ninka, abin da za a ja ya koma mil 2.1. A garin da damina ke cika ɗakin yara da masu zazzaɓi, wannan lissafin na kullum ne.

Haɗa ruwa biyu masu ƙarfi daban-daban don a samu na tsakiya ya daɗe yana ruɗa ni, saboda zanen gicciye da na haddace ban san dalilinsa ba. Wata rana na je da jaririyar, Hajiya ta ce, "Ke da kike sirka mata ruwan wanka kullum? Idan na tukunya ya tafasa sosai, kaɗan kike ɗiba, na randa ya fi yawa. Shi ne dai." Ana son ruwan gulukos mai kashi 10, abin da ke akwai mai kashi 50 ne da mai kashi 5. Daga 5 zuwa 10 taku biyar ne, daga 10 zuwa 50 taku arba'in. Wanda ya fi nisa da abin da ake nema shi ake ɗiba kaɗan: kaso 5 na mai ƙarfi, kaso 40 na marar ƙarfi, wato ɗaya bisa takwas. Mil 50 na mai kashi 50 da mil 400 na mai kashi 5. Sai ta sa na tabbatar: giram 25 da giram 20 sun zama 45, a cikin mil 450, kashi 10 cif. Kullum sai ta sa na koma ta baya na gwada amsata.

Lissafin ƙarin ruwa bai ba ni wuya ba da na gane cewa robar ce ke faɗin komai. Ta manya yawanci ɗigo 20 ke cika mil ɗaya, ta yara ɗigo 60. Lita ɗaya cikin awa 8 da robar manya: ɗigo 20,000 a raba wa minti 480, kusan ɗigo 42 a minti. Da robar yara kuwa, yawan mil a awa shi ne yawan ɗigo a minti, ba sai an wahala ba.

Sai maganar ƙoda. Na yi ta kauce mata, Hajiya na lura, ba ta ce komai ba. Da ta ga lokaci na matsowa sai ta ce, "'Yata, akwai babin da kike tsallakewa." Na fashe da kuka, na ba ta labarin Baba tun daga farko. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce ita ma mijinta da wannan ciwon ya tafi, kuma bayan rasuwarsa ta koma aiki ta ci gaba da duba katin masu irin ciwonsa, domin su ma iyayen wasu ne. Ta ce mu yi tambaya ɗaya kawai a ranar. Dattijo mai shekara 65, kilo 60, gwajin kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya nuna maikiromol 265 a lita. Ƙa'idar Cockcroft da Gault, wadda ake kintata ƙarfin tacewar ƙoda da ita, ita ce a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a raba da 72 sau kiriyatinin, idan mace ce a ƙara ninkawa da 0.85. Amma wannan 72 ɗin da miligiram a desilita yake aiki, alhali takardun gwaji da yawa a nan maikiromol suke kawowa. Sai an fara raba 265 da 88.4, a samu 3. Amsar ta zama kusan mil 21 a minti. Wanda ya manta ya zuba 265 kai tsaye zai samu 0.24, lambar da duk mai kintace zai san ba daidai ba ce. Na warware ta hannuna na rawa. Washegari na warware wata, rawar ta ragu.

Yadda na tsara lokacina ba wani abin burgewa ba ne. Mai jego ba ta da jadawali. Bayan sallar asuba, kafin yarinyar ta farka, nake samun natsuwa, sai in warware 'yan tambayoyi kaɗan amma kullum, ko da ranar suna ce ko biki. Na buɗe sabon littafi, ba na fomula ba, na kurakurai: duk tambayar da na faɗi sai in rubuta dalilin faɗuwar, ko ma'auni na manta, ko ban karanta tambayar har ƙarshe ba, ko adadin yini ɗaya na ɗauka a matsayin na sha ɗaya. Da littafin ya fara cika sai na ga kurakuran nawa 'yan ƙalilan ne, su ne dai suke ta dawowa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin da ina ganin kaina ne gaba ɗaya ba ya ja. Maigidana, wanda ɗan kasuwa ne ba ruwansa da magani, shi ya zama mai riƙe mini agogo. Da daddare zai goya yarinyar a kafaɗa yana zagaye ɗaki, ya ce, "Saura minti biyu, Malama." Idan babu wuta mu kunna fitilar waya. Na kuma nemo wasu 'yan ajinmu da su ma ba su haye ba. Da farko kowa na ɓoyewa, da ɗaya ta yi magana sai ga mu mun taru. Mukan haɗu a Samaru ranar Asabar, kowa ya zo da tambayar da ya ƙirƙira da kansa. Ƙirƙirar tambaya ta koya mini abin da warwarewa ba ta koya mini ba, saboda sai ka san inda ramin yake kafin ka haƙa wa wani.

Da na koma ɗakin jarrabawa tsoron bai tafi ba, ƙirjina na bugawa har ina jin sa a kunne. Amma na shiga da shawarar da na yanke tun a gida. Na fara bi ta kan duk tambayoyin da ba su buƙatar lissafi, na tabbatar sun shiga aljihu, sannan na dawo. Kowace tambayar lissafi sai na fara karanta jimlarta ta ƙarshe don in san me ake nema da kuma ma'aunin da ake so, in yi kintace, sannan in taɓa lambobi. Wadda ta ƙi buɗewa na bar ta na wuce, ban tsaya kokawa da ita ba. Da sakamako ya fito maigidana ne ya duba, ni na kasa. Sai ji na yi ya yi kabbara. Gidan Inna muka fara zuwa, daga nan Gyallesu. Inna ta yi kukan da ba ta yi ba a wancan karon, tana ta sa wa Baba albarka.

Yanzu ina aiki a famasin wani asibiti a nan Zariya, ɓangaren yara da masu haihuwa. Ba zan ce na zama gwanar lissafi ba. Har yau ba ni da sauri a kan milimol, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Duk ranar da aka rubuto fotasiyam kulorayid, wanda 'yar kwalbarsa mai mil 10 da kashi 15 ke ɗauke da milimol 20, kuma ba a taɓa tura shi jijiya kai tsaye ba a tsarma ba, sai na kira abokiyar aiki ta yi nata lissafin daban, ba tare da ta ga nawa ba, sannan mu gwama. Wasu sababbin shiga na ganin wannan ɓata lokaci ne, layi na jira. Ni kuwa gara a yi mini tsaki a taga.

Masu sanin makamar aiki da ake turo mana, nakan gane irina a cikinsu tun makon farko. Su ne masu saurin kawo fomula, idan ka tambaye su dalili sai su yi shiru su kalli ƙasa. Ba na kunyata su a gaban mutane. Ranar Laraba bayan la'asar, idan layi ya ragu, mukan ja kujeru bayan kantar magani, in ɗauko katin da muka sallama a ranar, in rufe amsar da hannu, in ce su kintata kafin su lissafa. A cikin rukunin bana akwai wata da ta zo mini a keɓe bayan ta gama shekararta ta ce ta zauna jarrabawar ba ta ci ba, kuma ba ta faɗa wa mahaifinta ba tukuna. Na ce ta fara faɗa masa, sannan ta zo ranar Laraba da sabon littafi da biro.